Yawu, Gumi da Tsukakken Ido: Darussa Daga Bakin Lambu

Manomin lambu ba ya yarda da maganin feshi sai ya ga aikinsa da ido. In ya fesa da safe, so yake kafin ya sauke famfo daga bayansa ya ga tsutsa ta faɗo ƙasa tana murɗe-murɗe. Maganin da zai kwana uku bai nuna kansa ba, a wajensa jabu ne, ko kuwa mai shago ya surka shi da ruwa. Shi ya sa a shagon maganin gona tambayar farko ba ta wuce, "Alhaji, wanne ne mai zafi?" A shekarun da na yi ina aikin malamin gona cikin masu noman rani, ban taɓa jin wani ya tambayi ta ina zafin yake bi ba.

Ta jijiya yake bi. Maganin da ke hana ƙwaro saɓa ko girma yana buƙatar kwanaki, amma wanda ke kifar da shi cikin mintuna yana harba ƙafafu, saƙon jijiyoyinsa ya hargitsa. Allah cikin ikonsa kuwa bai yi wa ƙwaro wani tsarin saƙo na daban da namu ba. Yawancin sinadaran da jijiyar kyankyaso ke aika umarni da su, su ne dai ke aiki a jikin mai goye da famfon.

Jijiyoyin saƙo a jikin mutum ba su manne da abin da suke ba umarni ba. Tsakanin ƙarshen jijiya da tsoka, ko zuciya, ko wurin da yawu ke fitowa, ko wata jijiyar, akwai ɗan giɓi da ido ba ya iya gani. Saƙo yana gudu cikin jijiya a matsayin lantarki, in ya iso bakin giɓin sai jijiyar ta saki wani sinadari ya tsallaka. A can ɗaya gefen akwai makarɓa, wasu 'yan gurabe a jikin ƙwayar halitta, kowanne da siffar da ta dace da sinadarin da aka yi shi dominsa. Da zarar sinadarin ya zauna a gurbinsa, sai tsoka ta motsa, ko bugun zuciya ya sassauta, ko yawu ya kawo. Wani masani a Ostiriya, Otto Loewi, shi ya tabbatar da haka a 1921 da zukatan kwaɗi biyu: ya tsokani jijiyar zuciya ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma ta rage gudu ba tare da an taɓa jijiyarta ba. Abin da ke cikin ruwan nan shi ne asetilkolin. Loewi da Henry Dale na Ingila suka raba kyautar Nobel a 1936 a kan wannan aiki.

Asetilkolin ɗan aike ne. Ya yi sallama a ƙofa, a amsa, ya isar da saƙo, a sallame shi. Mai sallamar tasa wani sinadari ne, kolinestares, wanda ke farfasa dubban ƙwayoyin asetilkolin cikin daƙiƙa guda don gurbin ya zama fanko kafin saƙo na gaba. Magungunan feshi na dangin oganofosfet, irin su dichlorvos, chlorpyrifos, dimethoate da profenofos, wannan mai sallama suke kamawa su ɗaure. Sai ɗan aike na farko ya ƙi tafiya, na biyu ya iso, na uku ya iso, ƙofa ta cika da masu rafka sallama. Mai gida ya yi ta amsawa ba numfasawa, har ya galabaita ya daina amsa wa kowa. Shi ya sa jiki ke farawa da karkarwa, ya ƙare da shanyewa.

Na ga wannan da idona a ranin 2016, shekarar da tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa. Manoma sun ruɗe. Wanda a da yake feshi sau ɗaya a mako ya koma kusan kullum, ana haɗa magani biyu ko uku cikin famfo ɗaya, ana ƙara awo a kan abin da takarda ta ce. Akwai wani saurayi mai feshin kuɗi da ke bin lambuna, famfonsa na yoyo ta murfi, rigarsa a jiƙe sharkaf daga kafaɗa har ƙugu. In bakin famfon ya toshe, cire shi yake ya sa a baki ya hure. Wajen azahar ya zo ya zube gindin mangwaro ya ce kansa na juyawa. Gumi dai kowa na yi a wannan rana, don haka ba wanda ya kula. Abin da ya ja hankalina shi ne yawu: yana ta zuba ta gefen bakinsa, ya haɗiye, ya sake cikowa. Hawaye na zuba ba kuka yake ba, hanci na yoyo. Can sai amai. Da na duba ƙwaurinsa, naman yana tsalle shi kaɗai a ƙarƙashin fata, nan ya motsa, can ya motsa, alhali ƙafar a miƙe take.

Dattijon da ke da lambun ya ce, "Malam, rana ce ta buge shi. A nemo masa nono." Wani ya ce manja ya fi. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, a fara cire masa rigar nan a wanke shi da sabulu." Aka tayar da injin ban ruwa, aka wanke shi tun daga gashin kai, aka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya ce, dattijuwa, ta tare mu. Ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta ɗaga fatar idonsa ta haska, sai ga ɗan baƙin tsakiyar idon ya tsuke ya zama ɗigo, ko a inuwa bai buɗe ba. Ta saurari ƙirjinsa, ta juyo ta ce, "Ina kwalbar?" Abin da aka miƙa mata gorar ruwa ce mai ɗan sauran farin ruwa a ƙasa, ba takarda ba suna. Awo aka yi masa a kasuwa. Ta girgiza kai, ta kira likita, suka fara allurar atrofin, suna yi suna ƙarawa. Na lura ba idonsa take bi ba, ƙirjin take ta komawa ta saurara. Da na tambaya daga baya, cewa ta yi, "Malam, ruwan da ke cika musu huhu shi ke kashe su. Sai na ji ƙirji ya bushe hankalina ke kwanciya."

Duk abin da na gani a jikin yaron nan yana da bayani, kuma bayanin ya rabu gida biyu, domin makarɓan asetilkolin iri biyu ne. Dale ne ya bambanta su tun 1914. Kashi na farko ana kiransu na muskarin, saboda gubar wata laimar kwaɗi mai wannan suna tana tayar da su. Su ne a wuraren da ke fitar da yawu da hawaye da gumi da majina, su ne a hanji da mafitsara, a hanyoyin iska na huhu, a zuciya, da ɗan naman da ke tsuke ido. In aka cika su da saƙo, jiki sai ya yi ta tsiyaya ta ko'ina: dalala, gudawa, fitsari ba shiri, huhu ya cika da kumfa, hanyar iska ta matse, bugun zuciya ya ja baya. Kashi na biyu na nikotin ne, sunan ya samo asali daga sinadarin taba. Su ne a mahaɗar jijiya da tsokar da muke motsawa da ganin dama, har da naman da ke ɗaga ƙirji mu shaƙi iska. Tsallen naman ƙwauri daga nan yake. A ƙwaƙwalwa kuwa duka biyun suna nan, shi ya kawo jiri da ruɗewa, wani lokaci jijjiga da suma.

Atrofin yana zuwa ya zauna a makarɓan muskarin ya toshe su, ba tare da ya tayar da su ba. Mu a ƙasar Hausa mun san aikinsa ko da ba mu san sunansa ba, don yana cikin zaƙami tare da 'yan uwansa. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da ya sha zaƙami ya ga kishiyar mai feshin nan sak: baki a bushe ƙayau, ido a buɗe warwar, fata da zafi ba gumi, zuciya na gudu, ga sambatu. Makarɓan ɗaya ne, wancan an cika su, wannan an rufe su. Na faɗi haka ne don a gane, ba don wani ya ɗauka zaƙami makari ne ba. Ba wanda ya san yawan abin da ke cikin ɗiyansa, kuma shi kansa yana kisa. Atrofin na asibiti a gwaje yake, ana ba da shi ana sauraren ƙirji.

Sai dai atrofin bai da iko a kan makarɓan nikotin. Yawu zai tsaya, huhu ya bushe, amma naman numfashi yana iya gazawa, har a buƙaci injin hura iska. Akwai wata allura, pralidoxime, da ke ƙoƙarin ɓamɓare gubar daga jikin kolinestares, amma tana da wa'adi: in lokaci ya ja, ɗaurin yana ƙara tamkewa yadda ba ya kwantuwa, sai dai jiki ya ƙera sabo. Bayan wannan kuma akwai wani tarko. Mutum yakan farfaɗo, ya zauna, ya ci abinci, sai tsakanin kwana ɗaya zuwa huɗu wuyansa ya saki, ya kasa ɗaga kai daga filo, numfashi ya sake yin rauni. Washegari dangin saurayin suka matsa a sallame shi, ai ya warke, ga kuɗin gado. Likitan ya ƙi. Ya sa shi kwance ya ce ya ɗago kai, ya danna masa goshi da yatsu biyu, kan ya koma ba gardama. Dangin da kansu suka janye maganar.

Game da nono da manja, niyyar masu bayarwa mai kyau ce, amma ba sa isa inda ɓarnar take. Gubar ta riga ta shiga jini ta fata, tana can a mahaɗar jijiyoyi. Ɗura wa wanda bai cika cikin hayyacinsa ba ruwa ko mai, hanya ce ta tura shi huhun da dama ya cika. Sa shi amai da ruwan gishiri ya fi muni, domin yawancin magungunan nan a cikin wani ruwa mai kama da kananzir aka narka su, in ya sarƙe mutum sai ya ƙona huhu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga baya shi ne tambayar da saurayin ya yi da ya samu sauƙi: me ya sa sai ranar? Maganin da ya saba ne, famfon da ya saba ne. Amsar ita ce jiki yana da rarar kolinestares. Mutum zai iya rasa kaso mai yawa bai ji komai ba sai ɗan ciwon kai da kasala, waɗanda za a ɗora wa rana ko zazzaɓin cizon sauro. Amma abin da oganofosfet ya ɗaure ba ya dawowa da barcin dare ɗaya, makonni yake ɗauka. Mai feshin kuɗi da ke bin gona-gona kullum yana rage rarar nan da kaɗan-kaɗan, har ranar da feshin da bai fi na jiya ba ya ƙarasa ta. Fata kuma ba ɗaya take ba wajen shan magani. Goshi, hammata da matsematsi sun fi tafin hannu sha nesa ba kusa ba, zafi da gumi kuma suna ƙara buɗe hanya. Jiƙaƙƙen wando da aka yini da shi a jiki ya fi warin da ake toshe wa hanci haɗari. Tun daga nan, in mai feshi ya ce mini yana ganin dishi-dishi da yamma, ko ƙirjinsa na matsewa, ko yawu ya yi masa yawa, ba na cewa ya sha farasitamol. Cewa nake ya ajiye famfo na wasu makonni ya je a duba shi.

Tarihin magungunan nan bai ɓoye komai ba. Gerhard Schrader, masanin sinadarai a kamfanin IG Farben na Jamus, maganin ƙwari yake nema a 1936 ya faɗa kan tabun, a 1938 kuma sarin, iskar yaƙin da aka saki a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a 1995. Ƙarfinsu ya fi na maganin gona ninkin-ba-ninkin, amma kolinestares ɗin dai suke kamawa. Ɗaya dangin da ke kama kolinestares, kabamet, irin su carbofuran da propoxur, asalinsa ma a nan gida yake: waken Kalaba, wanda a da Efik suke shayar da wanda ake tuhuma da maita. Daga cikinsa aka fitar da sinadarin fisostigmin a ƙarni na 19, a kansa aka kwaikwayi sauran. Bambancinsu da oganofosfet shi ne ɗaurinsu yana kwancewa da kansa cikin sa'o'i, in mutum ya tsallake sa'o'in.

Ba duk maganin ƙwari ne ke bin wannan hanya ba, kuma a nan ne tambayar dattijuwar nan ta asibiti, "Ina kwalbar?", ta sami nauyinta. Dangin fairetiroid, wato cypermethrin, deltamethrin, lambda-cyhalothrin da permethrin, ba ruwansu da kolinestares. An kwaikwaye su daga furen fairetiram da ake nomawa a Kenya, aikinsu kuma a jikin jijiyar kanta yake: suna hana mashigar sodiyam, wato ƙofofin da ke tayar da lantarkin jijiya, rufewa da wuri, sai jijiya ta yi ta harba saƙo ɗaya a kai a kai. Duk mai feshi ya san raɗaɗi da tsikarin da ke kama fuska da yamma, wanda ke ƙaruwa in an yi gumi ko an wanke da ruwan ɗumi. 'Yan jijiyoyin fata ne ke harbawa, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Hantarmu tana saurin farfasa su, mashigar sodiyam ɗinmu kuma ba ta kama su da ƙarfi yadda ta ƙwaro ke yi. Don haka ba na tare da masu jefar da gidan sauro mai magani don ya yi musu ƙaiƙayi a daren farko. A shanya shi a inuwa ya sha iska, a rataya. Abin da zazzaɓin cizon sauro ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro ya fi wannan ƙaiƙayi tsanani ta kowace fuska.

Tsohon maganin da dattawa suka sani da gamalin, wato lindane, da ɗan uwansa endosulfan, su kuma makarɓan GABA suke toshewa. GABA shi ne sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa ya hana ta wuce gona da iri, in aka toshe shi sai jijjiga mai tsanani. Atrofin ba ya maganin wannan, allurar kwantar da jijjiga irin diazepam ake buƙata. Yarjejeniyar Stockholm ta sa lindane cikin jerin haramtattu a 2009, endosulfan a 2011. Sai sababbin shiga, niyonikotinoid, irin su imidacloprid da ake cuɗa iri da shi kafin shuka. Waɗannan kai tsaye suke hawa makarɓan nikotin, amma sun fi dacewa da na ƙwaro fiye da namu sosai, shi ya sa haɗarinsu ga mutum ya fi sauƙi, ko da yake wanda ya sha da yawa zai ji jiki. Ƙudan zuma ne suka biya bashin, har Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili a 2018. Ke nan mutum biyu za su iya zuwa asibiti ɗaya, duka su ce feshi ne ya buge su, allurar da za ta ceci ɗaya ba ta da amfani ga ɗayan, tana ma iya cutar da shi.

Maganar ba a lambu kaɗai ta tsaya ba. Fiya-fiyar da ake sayarwa a 'yan kwalabe ba suna, yawancinta dichlorvos ne da aka surka, kuma abin da ya sa take kashe kuɗin cizo da kyankyaso a lungu shi ne saurin zama tururi. Wannan tururin ne mai ɗaki ke shaƙa in ya yayyafa ya rufe taga ya kwanta, jaririn da ke shimfiɗe a ƙasa kuwa ya fi kowa samu. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben dichlorvos a kasuwanni. Kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Nijeriya saboda sauran dichlorvos da aka yi ta samu a cikinsa ya zarce iyakarta ta miligiram 0.01 a kilo guda. Waken da aka hana shiga Turai bai ɓace ba, mu muka dafa shi. Abin takaicin shi ne akwai mafita mai araha: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na jami'ar Purdue suka fito da shi tare da abokan aikinsu a Kamaru, yana kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska, ba ɗigon magani. Na kuma sha ganin jarkar magani ta koma ta ruwan sha ko ta man gyaɗa bayan an ɗauraye ta. A jihar Bihar ta Indiya, a 2013, yara 23 suka rasu bayan cin abincin makaranta da aka dafa da man da ya gurɓata da monocrotophos.

Mai juna biyu da ƙaramin yaro lamarinsu daban ne. Asetilkolin yana cikin abubuwan da ke tsara yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗuwa tun a ciki, don haka ɗan abin da ba zai sa babba ko atishawa ba yana iya barin tabo a can. Binciken da jami'ar Columbia ta yi a kan mata masu ciki a New York ya danganta yawan chlorpyrifos a jinin cibiyar jarirai da raguwar bunƙasar ƙwaƙwalwar 'ya'yansu, Tarayyar Turai kuma ta janye izininsa a 2020. Wannan ya sa nake matsa wa maza su wanke kayan feshinsu da kansu a bakin lambu, kada su kai gida a cuɗa da na yara.

Cikin abubuwan da na yi ta faɗa, wasu sun karɓu, wasu ba su karɓu ba. Rigar leda da takalmin ruwa a zafin Afrilu, ba wanda ya jure, ni ma ban ga laifinsu sosai ba. Amma feshi da sanyin safiya, ba iska baya, ajiye sabulu kusa da injin ban ruwa, tsokale bakin famfo da tsinke a maimakon hurewa, waɗannan sun zauna. Samari masu waya sun koyi ɗaukar hoton takardar kwalba, wurin da aka rubuta sunan sinadarin da ƙananan haruffa, kafin su zuba. Inda na fi shan wahala shi ne wajen masu sayar da awo. Na roƙe su su riƙa rubuta sunan sinadarin a ɗan salatif su manna a gorar. Biyu-uku suka yarda. Wani kuwa ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, in na rubuta musu sunan, gobe sai su je birni su sayo da kansu. Ni kuma in ci me?"